Ragon Layya da Faifan Birki

A unguwar Birni ta Damagaram an yi wani tsohon malamin lakwal wanda yaro da babba ba su san shi da wani suna ba sai Mushe. Ya shekara talatin yana riƙe da alli, daga ƙauyukan Magarya har Tanut da Gure, kuma da ya ajiye aiki bai fito da kome ba sai gida mai ɗaki huɗu, da akwatin littattafai, da wata tsohuwar mota Peugeot 404, irin wadda mutanen ƙasar nan ke kira kat-san-kat. Ƙirar 1963 ce, kuma shi ne mutum na uku da ya mallake ta. Masu shekaru sun san darajar wannan mota. Ta fara fitowa a Faransa a 1960, ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas har sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, sa'an nan a nan Nijar ta ɗauki kumandan, ta ɗauki amarya, ta ɗauki buhun gero, ba ta taɓa nuna bambanci ba. Mushe kan wanke tasa da hannunsa kowace Juma'a da safe, kuma yana da wani ƙaramin littafi inda yake rubuta ranar da ya sake mai da ranar da ya sayi taya, kamar yadda ya saba rubuta sunayen yaran da suka zo aji da waɗanda suka yi fashi.

Abu ɗaya ne bai shiga wannan littafi ba. A daminar 1993, yana dawowa daga gona a kan hanyar jar ƙasa, ƙafar gaba ta dama ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, aka ji ƙarfe ya daki dutse. Ya fito ya duba, taya ba ta fashe ba, kome bai zuba ba, ya yi hamdala ya ci gaba da tafiya. Amma tun daga ranar, duk lokacin da ya taka birki sai motar ta ja zuwa hagu. Da fari abin ya dame shi, har ya ce gobe zai kai ta gareji. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama bayan girbi. Kafin nan hannunsa ya koyi dabara: in zai taka birki sai ya karkata sitiyari dama kaɗan, motar ta tsaya daidai, ba wanda ya sani. Haka ɗan Adam yake da aibin da bai kashe shi ba a ranar farko. Yakan gyara zamansa ya dace da aibin, har ya manta cewa da can ba haka abin yake ba.

Ranar da dabara ta ƙare wata Lahadi ce a ƙarshen watan Janairu na 1994, ranar kasuwar Mirya, wadda ke kilomita 18 daga Damagaram. Mushe da uwargidansa sun sayo kayan lambu sun kamo hanyar gida, hazo ya rufe sama. Ba su yi nisa ba sai ga amalanken jaki ya fito daga dama ya hau kwalta. Babu lokacin karkata hannu. Mushe ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, motar ta kauce wa amalanken, amma ta tsallaka hanya gaba ɗaya ta nufi gefen hagu, inda wata yarinya ke tsaye da tiren rake a ka. Da motar ta tsaya, tsakanin hancinta da gwiwar yarinyar bai kai kamu ɗaya ba. Tire ya faɗi, rake ya watse cikin ƙura. Yarinyar ba ta wuce shekara tara ba, sa'ar waɗanda Mushe ya koya wa haɗa baƙi shekara da shekaru. Ta durƙusa tana tsince rakenta tana kuka, kuma ba don ranta take kukan ba, cewa take innarta za ta doke ta. Mushe ya biya kuɗin raken duka, hannunsa na rawa. Daga nan har gida bai wuce gudun keke ba, kuma shi da uwargida ba wanda ya ce uffan.

Kashegari da sassafe ya kai motar wani gareji da ke bayan tasha, gindin dogon yaro, wurin wani tsohon makanike da kowa ke kira Baba. Baba ya koyi aiki tun zamanin Nasara, kuma an san shi da abu biyu, iya aiki da rashin iya lallashi. Ya sa yara suka ɗaga gaban motar, suka tokare ta da kututture, suka kwance noti uku na ƙafar dama, suka zare kwanon birki, wanda ƴan gareji ke kira tambur. Sa'an nan ya yafito Mushe.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan birki yake, don motocin da aka saba gani yanzu faranti ne a ƙafafunsu na gaba. A kat-san-kat ta farkon ƙira, kwano ne a ƙafa huɗu duka. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka fara sa mata faranti a gaba. Kwanon yana juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata, an manna musu wani abu mai kaushi da ake kira ferodo, sunan kamfanin Ferodo da ya zama sunan kayan. In direba ya taka, man birki, wanda ake kira lokid, yakan bi ta siraran bututu ya tura ƙananan silinda, silinda su buɗa takalman, takalman su matse cikin kwano, mota ta tsaya. To, duk waɗannan kaya, da silinda da takalma da sifirin da ke maido su da ƙusoshin daidaitawa, a kan abu ɗaya suke zaune: wani faifan ƙarfe da ke bayan kwano, ɗaure da gatarin ƙafa. Shi ba ya juyawa, ba ya ƙara, ba a ganinsa sai an kwanta ƙarƙashin mota. Amma duk ƙarfin da ke tsayar da ƙafar ta jikinsa yake bi ya isa ga gangar mota.

Baba ya nuna wa Mushe takalman. Gefe ɗaya na ferodo ya cinye har ya kusa ƙarfe, ɗaya gefen kuwa kamar jiya aka sa shi. Ya ɗauko wani miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗora a kan faifan, haske ya ɓullo ta ƙarƙashi. Ya goge ƙura da babban yatsa, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga ramin ƙusa.

Ya ce, "Mushe, kai ka san rula, ba sai na yi maka bayani ba. Faifai ya lanƙwashe, takalmi ya zauna a karkace, da baki ɗaya yake kama kwano. Birkin dama ya yi rauni, na hagu yana da ƙarfinsa, dole mota ta bi mai ƙarfi. Tun yaushe take ja?"

Mushe ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun damina, Baba."

Baba ya dube shi ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Da yaron aji ne ya ba ka wannan amsa, da ka sa shi durƙuso."

Mushe ya tambaya ko za a iya buge faifan da guduma ya miƙe, a yi wa tsagar walda. Baba ya ce ana yi, kuma akwai masu yi a bayan wannan katanga, amma ba a garejinsa ba. Faifan a injin aka matse shi ya ɗauki siffarsa, guduma ba ta maido shi daidai, wutar walda kuwa ƙara murɗe shi take yi. In tsagar ta ci gaba wata rana, silinda zai gusa, bututu ya karye, lokid ya zube. Motocin wancan zamani kuwa hanyar mai ɗaya ce ke ciyar da ƙafa huɗu, saboda haka in ta huje a wuri ɗaya, birki duka ya tafi, ƙafar direba ta nutse har ƙasa, ba abin da ya rage sai birkin hannu da salati. Magani ɗaya ne, a sake faifan. Kuma tunda an buɗe, dole a sake ferodo na ƙafafun gaba biyu tare, don in aka sa sabo a dama aka bar tsoho a hagu, motar za ta koma ja ta ɗaya gefen.

Wanda bai ga shekarar 1994 ba zai ce wannan ƙaramar magana ce. Ranar 11 ga Janairu aka sanar a Dakar cewa an karya darajar sefa, daga kashegari faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100. Duk abin da ke zuwa daga waje, magani ne ko littafi ko kayan mota, ya yi tsalle cikin ƴan kwanaki, wasu masu kanti ma suka rufe suna jiran su ga inda farashi zai tsaya. Ma'aikata na bin gwamnati albashin watanni, fansho kuwa da ake biya bayan wata uku-uku ya zama sai an gani a hannu. Ko a wurin ƴan canji, sefar da a da ake rububinta a Kano ta rage kwarjini. Sabon faifan motar da ta shekara talatin ba ya cikin kantin kowa a Damagaram. Sai dai a nemo na wata kat-san-kat da ta mutu, kuma wanda ke da shi ya san yana da shi.

Mushe ya sa tsohon faifan cikin buhu ya tafi da shi. Ba a ɓoye ba, ya biya ta wurin mai walda. Saurayin ya juya faifan ya ce kafin la'asar ya gama, kuɗin kuma bai kai na buhun siminti ba. Mushe ya tsaya yana kallon tartsatsin wuta, yana lissafi irin na wanda aljihunsa ya san kwanan wata. Ya ce wa kansa ai ba ya gudu, ai ba ya nisa, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sa'an nan ya tuna cewa ranar Lahadi ma ba gudu yake yi ba. Ya karɓi faifansa ya mayar cikin buhu.

A gida akwai rago. Tun bayan Sallar da ta wuce aka saye shi yana ɗan ƙarami, uwargida ta yi ta kiwonsa da harawa da dusa da ruwan tsari, har ya zama abin da maƙwabta ke leƙowa su gani. Tun da Mushe ya yi aure bai taɓa fashin layya ba, ko a shekarun fari na 1973 da 1984. Da dare ya kawo maganar a hankali, yana kewaye-kewaye. Uwargida ta ce, "Malam, a ajiye motar mana. Mutane nawa ne a unguwar nan ba su da mota?" Ya ce gaskiya ne, amma motar nan ita ce ke kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce ke kawo gero daga gona, kuma in ya sayar da ita yadda take, wani zai hau ta da aibinta, shi kuwa ya sani. Ta ce, "To, ranar Salla mutane su ce me?" Bai amsa ba, don ba shi da amsa. Suka kwana a haka. Da asuba, bayan ya dawo daga masallaci, ya tarar ta kwance ragon ta ba shi ruwa. Ta ce, "Yarinyar nan, zanenta irin na jikarmu ne. Na aika a kira dillali."

Saura neman faifai. Akwai wani Alhaji mai fataucin Kano wanda Mushe ya koyar a Magarya, yaron da ya bar lakwal tun bai kai ga satifika ba, wanda ya sha bulala a kan lissafi, ga shi yanzu yana lissafin naira da sefa a ka, ba takarda. Mushe ya je shagonsa da buhu a hannu, yana jin nauyin roƙon wanda ya taɓa hora. Alhaji ya tashi daga kujerarsa ya ba shi, shi ya zauna a kan benci. Baba ya riga ya yi gargaɗi cewa a tafi da tsohon faifan, a gwada rami da rami, don na hagu dabam, na dama dabam, kuma kada a yarda da na akori-kura a ce ai duk kat-san-kat ce. Faifan ya bi ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura ya isa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake tara kayan matattun motoci. Can kayan Peugeot ba su da wuya, tunda an buɗe ma'aikatar haɗa su a Kaduna a 1975, amma yawancinsu na 504 ne. Alhaji ya yi yini biyu yana bin rumfuna. Wani ya kawo masa na hagu ya rantse cewa duk ɗaya ne, Alhaji ya haɗa su fuska da fuska ya mayar masa. A rana ta biyu aka tono na dama daga ƙarƙashin tarin ƙarafa, ya yi tsatsa a sama amma lafiyayye. Da ya kawo, ya karɓi kuɗin da ya biya daidai, ya ƙi karɓar na mota da na wahala. Ya ce, "Mushe, bulalar nan ce nake biya a hankali."

Aikin ya ci yini guda, cikin watan azumi. Baba ya fara da wanke sabon faifan da kananzir, ya kankare tsatsa, ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen nan ta kowace fuska, haske bai ɓullo ba. Aka cire murfin cibiyar ƙafa, aka kwance babban noti, aka zare cibiyar tare da ƙwallayenta aka ajiye a kan tsumma mai tsabta, don ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ci su. Aka goge fuskar gatari, aka zaunar da faifan, aka ɗaure ƙusoshinsa a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi, kaɗan-kaɗan, don ya kwanta daidai. A ƙafar gaba ta wannan mota silinda biyu ne, kowane takalmi da nasa. Baba ya buɗe su ya sake robobinsu, ya mayar da su, ya ɗaura bututu da yatsa tukuna kafin ya sa sifana, don kada zaren ya hau a karkace. Ya shafa ɗan giris, kamar ƙwayar gero, a wuraren da takalmi ke gogar faifai, ya wanke hannunsa kafin ya taɓa ferodo, domin ferodon da ya sha maiko ya tashi aiki. Aka sa takalma, aka ja sifirin, aka cika cibiya da sabon giris aka mayar, aka ɗaure notinta aka kulle shi. Aka rufa kwano, Baba ya murɗa ƙusar daidaitawa har ƙafar ta kame, sa'an nan ya sassauta har ta juya ba ta gogar kome. Aka koma hagu aka sake nata takalman. Yaran suna hure ƙurar kwano da baki, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Yau an san cewa ferodon wancan zamani yana ɗauke da amiyant, wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru, har Faransa ta hana amfani da shi daga farkon 1997. Mai buɗe tsohon birki ya jiƙa tsumma ya goge, kada ya hura.

Abu na ƙarshe shi ne fitar da iska, domin in iska ta shiga bututu, birki yakan yi laushi kamar soso. Aka sa Mushe a kujerar direba. Ƙaramin yaron gareji ya kwanta a ƙasa, ya fara daga ƙafar baya ta dama, wadda ta fi nisa da tukunyar mai, yana buɗe ƙaramar ƙusa yana rufewa, yana ba da umurni: "Mushe, taka! Riƙe! Saki!" Mutumin da ya shekara talatin yana cewa a tashi a zauna, ga shi yana bin umurnin yaron da bai taɓa shiga aji ba, kuma bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Baba na tsaye yana ƙara lokid don kada tukunya ta bushe. Da kumfa ya daina fita a ƙafa ta huɗu, birki ya tsaya da tauri a tsakiyar hanyarsa.

Suka fita bayan gari gab da shan ruwa, suka sami fili. Baba ya tuƙa da kansa, ya sassauta hannu a kan sitiyari, ya taka. Motar ta tsaya a miƙe. Suka fito suka duba sawun taya a ƙasa, layi biyu ne tsawonsu ɗaya. Sa'an nan Mushe ya karɓa. Da ya taka, sai motar ta yi dama. Ya dubi Baba a firgice. Baba ya yi dariya, karo na farko tun da aka fara aikin, ya ce, "Mota ta warke, Mushe. Saura hannunka." Hannun da ya yi wata shida yana rufa wa aibi asiri bai san an gyara ba. Sai da ya yi makonni kafin ya daina karkatawa.

Babbar Salla ta zo a watan Mayu. A ƙofar kowane gida an kafa itatuwa, an baje raguna kewaye da wuta, ƙofar Mushe kuwa shara ce kawai da yayyafin ruwa. Wasu sun yi magana, kamar yadda uwargida ta faɗa. Shi dai ya sa babbar rigarsa ya je idi, ya dawo ya zauna a zaure yana amsa barka da Salla. Kashegari, ranar rabon nama, kwanuka suka yi ta shigowa, daga gidan Alhaji har da cinya guda, daga gidan Baba kuma aka aiko da ƙaramin yaron nan da hanta a cikin takarda.

ƴan kasuwa da ma'aikata masu karanta wannan shafi, da yawansu suna da motar da ke da wata ƴar ɗabi'a wadda su kaɗai suka san ta: wadda sai an taka sau biyu, wadda ke ƙara in an juya, wadda ke ja gefe. Motocin yanzu sun fi na da kariya, an raba musu hanyar mai gida biyu, amma kwano da faifansa suna nan a ƙafafun baya na motoci da yawa, kuma ramukan damina ba su ƙare ba. Mai mota ya san aibin motarsa, ya shirya masa. Wanda ke tsaye a bakin hanya da tire a ka bai sani ba, ba a kuma yi shawara da shi ba.

Tsohon faifan bai koma wurin ƴan gwangwan ba. Mushe ya ɗaure shi da waya ya rataye a reshen dogon yaron ƙofar gidansa, inda yakan tara yaran unguwa da yamma yana taya su karatu kyauta. In lokaci ya yi sai ya buga shi da ƙusa. Saboda tsagar nan, muryarsa ba ta fita sarai kamar ta ƙararrawar lakwal, amma yaran Birni suna jin ta, suna zuwa. A ƙaramin littafinsa kuwa, ƙarƙashin watan Maris na 1994, ya rubuta: an sake faifan birkin gaba na dama, an makara wata shida. Allah ya kiyaye mu da na kan hanya baki ɗaya.